Aikin Girki a Bayan Bulumkutu

Tunda kowaccenku sai ta kira ni tana tambaya ko na samu aikin, bari in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance, in huta da maimaitawa.

Ya Falmata, yayar maigidana, ita ta samo mini hanyar. Tana shara a wani gida da ma'aikatan agaji ke sauka, can bayan Bulumkutu, kuma mai dafa musu abinci ta bar aiki. Ta ce in zo ranar Talata ƙarfe takwas, in taho da girkin hannuna Madam ta ɗanɗana. Maigida kuwa tun da aka hana acaɓa a garin nan bai sake riƙe aiki tsayayye ba, yau dako a kasuwa, gobe zaman gida. Kun dai san yadda na ƙwallafa rai.

Bulabulin, ƙarfe shida da minti biyar

Kafin kiran assalatu na turara burabisko, na yi miyar alayyafo da busasshen kifi, na zuba a babbar kula. Na goya Bintu, na zura hijabi, na zauna bakin ƙofa ina jiran dokar hana fita ta ƙare. Shida na cika na fito.

Keke biyu suka wuce ni. Na ukun ya tsaya nesa kaɗan, idonsa a kan kular.

"Hajiya, me ke ciki?"

"Abinci ne, malam."

"Buɗe tukuna."

Na buɗe, tururi ya tashi. Ya ce in shiga, naira hamsin zuwa Post Office. Matar da ke gefena duk da ta gani da idonta sai da ta tattare zaninta ta manne da ƙarfe. A nan na fara gane wautata. A garin da mace mai dogon hijabi da kaya a hannu take sa mutane su watse, ni na ɗauko kula, ga kuma tudu a bayana.

Shingen farko, shida da rabi

Kowa ya sauka ya taka da ƙafa, hannu a sama. To ni da wane hannun zan riƙe kular? Na ɗaga ɗaya. Soja ya daka mini tsawa daga bayan buhunan yashi.

"Ke! Ajiye! Ja baya! Mene ne a bayanki?"

Na yaye hijabin a tsakiyar titi, maza na kallo. Bintu ta farka ta tsandara ihu. Wallahi ban taɓa jin daɗin kukanta irin na ranar ba, don kowa sai da ya sauke numfashi. Sannan aka ce in buɗe kular in ci a gani. Na ci loma biyu, miya ta ɗiga mini a hijabin da na goge tun jiya.

Post Office, bakwai da kwata

Da, da safe kowa cikin gari yake nufa. Yanzu ya juye. Magina da cebur, masu fenti, samari da kati rataye a wuya, duk waje suke so. Keke na tsayawa sai a yi masa caa. Mai goyo da kula ina za ta iya kokawa? Minti ashirin ina tsaye, sai wani dattijo, Ba Modu, ya taka burki a gabana ya kori wani saurayi daga kujerar baya.

"Wushe, sannu 'yata. Shiga. Ina zuwa?"

Na karanto masa kwatancen Ya Falmata: a wuce Bulumkutu, a sauka wurin masu buga bulo, gida mai baƙin get da waya a kan katanga. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce ɗari da hamsin, Allah ya sa mu gani.

Shi manomi ne da, rikici ya koro shi daga ƙauyensu, wani ya ba shi keken yana kawo masa kuɗi kullum. Duk hanya yana nuna mini: nan gonar gero ce shekaran jiya, yau otal, nan ana kiwon shanu, yau gidan mai. Ni hankalina na kan agogon waya.

Bulumkutu, takwas saura minti biyar

Shinge na biyu. Nan akwai mace cikin 'yan sa-kai, ita ke laluben mata. Ta shafa ni, ta shafa Bintu, ta ce in ci. Na ci. Ta karɓi cokalin ita ma ta kai baki.

"Ke 'yar ina ce? Daddawar nan ta ji."

Ta ƙara cokali guda. Na yi mata murmushin dole, zuciyata na cewa baiwar Allah, ba ke za ki ba ni aiki ba.

Bayan gari, takwas da kwata zuwa tara da minti ashirin

'Yan uwa, masu buga bulo bakwai na ƙirga. Gida mai baƙin get da waya kuwa duk layin da muka shiga shi ne. Layukan ba suna, ba kwalta, yashi har yana kama ƙafar keke, sau biyu na sauka muka tura. Na kira Ya Falmata, ba sabis. Wanda duk muka tambaya sai ya ce shi ma baƙo ne, aiki ya kawo shi. Wata mai wanki a gindin famfo ce ta ce mu bi sawun manyan motoci farare, inda ya fi yawa nan ne. Haka muka samu gidan. Ba Modu ya ce bai fi kilomita goma sha biyar muka yi ba. Awa uku da kwata!

Bakin get

Maigadi ya dubi kular ya girgiza kai.

"Ba a shiga da abincin waje. Doka ce."

"To ai shi aka ce in kawo!"

"Ni dai ba a gaya mini ba."

Na zauna a kan bulo, hawaye na neman kunyata ni. Can Ya Falmata ta fito da Madam, wata Inyamura doguwa, haifaffiyar garin nan, Hausarta ta fi tawa. A tsaye ta ci, abincin ya huce, an caccake shi ta ko'ina. Ta ci cokali huɗu, sannan ta dube ni.

"Hannunki yana da kyau. Amma karin kumallo shida da rabi yake hawa tebur. A ina kike?"

"Bulabulin."

"Haba, 'yar uwa. Shida ake buɗe hanya. Tashi sama za ki yi? Ki dawo nan kusa kafin Juma'a, aikin naki ne."

Ya Falmata ta ja hannuna. Ashe ta riga ta shirya. A unguwar, masu ginin da ba a gama ba suna ba iyali ɗaki kyauta su zauna, don kada a sace musu rodi da siminti. Ta kai ni wani a ƙarshen layi. Akwai rufi, akwai rijiya. Ba ƙofa, ba taga, buhu aka rataya. Na leƙa ta baya. Ba wani gida kuma. Daga katangar sai ramin nan da aka haƙa a kewaye gari don tare mahara, daga ramin sai daji.

"Ya Falmata, in an shigo, ta nan za a fara."

"Ke dai akwai tsoro. Mutane nawa ke kwana a nan? Albashi ne fa duk wata, Yagana!"

Na tsaya a tsakiyar ɗakin, Bintu na numfashi a bayana, ina ta neman inda zan shimfiɗa ta wanda ba ya kallon ramin. Ban samu ba. Na koma na ce wa Madam na gode, ba zan iya ba. Ta ce ba komai, akwai wata mai neman aikin a layin baya. Ya Falmata ko rakiya ba ta yi mini ba.

Gida, biyu saura

Komawa ta fi sauƙi, awa ɗaya da rabi, don da rana ba mai shiga gari. Na tarar da maigida a zaune, yau ma ba a samu dako ba. Na gaya masa komai.

"Ƙofa ai ana sawa," in ji shi.

"Ramin fa?"

Ya miƙo hannu ya karɓi Bintu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Ba Modu da bai yar da ni a cikin yashi ba, da Ya Falmata, ko da har yau ba ta ɗaga wayata. Ku kuma, duk wadda ta ji ana neman mai girki inda keke ɗaya zai kai ni, don Allah ta tuna da ni.