Rigunan da Suka Ƙetare Iyaka

A shekarata ta ƙarshe a sakandare ni ne kyaftin ɗin ƙwallon makarantarmu a Jibiya, kuma babu abin da na tsana a muƙamin nan kamar wanki. Riguna goma sha shida ne, koraye, tsofaffin ɗalibai suka saya mana bayan mun daɗe muna buga wasa kowa da irin tsummansa. Malamin wasanninmu, wanda kowa ke kira Koci, ya kafa doka: duk ranar da aka tashi wasa, kyaftin zai tattara su a buhu ya kai gida ya wanke da hannunsa. Ba innarsa ba, ba ƙanwarsa ba, shi da kansa. Ni kuwa in na zauna gaban baho sai in yi ta masifa ni kaɗai, ina cuɗa zufar ƙarti, ina cewa wannan ai bauta ce.

Koci gajeren mutum ne, ba ya duka, ba ya ɗaga murya. In ka makara atisaye ba zai ce maka uffan ba, sai ranar wasa ka nemi sunanka ka rasa. Mun fi tsoron shirunsa a kan bulalar shugaban makaranta.

A shekarar muka kai wasan ƙarshe na makarantun yankinmu. Da 'yan Daddara za mu kara, ranar Asabar ƙarfe huɗu, a filinmu. Shi ne kuma wasana na ƙarshe, don jarrabawar fita ta ƙarato.

Ranar Lahadin da ke gabanta, ranar kasuwa, taubashina ya shigo gidanmu. Ɗan kawuna ne, yana zaune a Ɗan Issa, hayin Nijar. Tsakaninmu babu kunya, yakan cire hulata ya tafi da ita, ni kuma in kira shi bawana a gaban mutane. Ya tarar da rigunan a kan igiya, ya tsaya yana shafa su.

Ya ce, "Unguwarmu muna da balo, wasan ƙwallo, ran Laraba. Ara mana. Alhamis da safe suna hannunka."

Na ce, "Ba nawa ba ne. Na makaranta ne."

Ya yi dariya ya ce, "Au, ashe kai kyaftin ɗin wanki ne kawai? To yi haƙuri, ban san ba ka da iko ba."

Wallahi maganar nan ce ta kayar da ni. Raina ya ɓaci, na sauke rigunan da kaina, na cusa a buhu, na ɗaura masa a bayan babur. Har da ce masa, "Je ka, ka ga ko wa ke da iko." Kai, wauta!

Alhamis ta zo ta wuce, babu shi babu dalilinsa. Na ari wayar yayana na kira. Wai sun ci wasan Laraba, an sa musu wani ranar Juma'a, ai ba za su koma tsumma ba bayan mutane sun gan su da koraye. Na zage shi tas, yana ta dariya. Ya ce Asabar da sassafe, in Allah ya yarda.

Ranar Juma'a da yamma, bayan atisaye, Koci ya kira ni gefe.

Ya ce, "Riguna suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Malam."

"An wanke?"

"An wanke, Malam."

Ya dube ni ya gyaɗa kai, ya wuce. Da na faɗa masa gaskiya a lokacin, akwai makarantu biyu a gari da zai iya aro a wurinsu kafin gari ya waye. Na san da haka. Amma na ji nauyin bakina, na ce ai gobe komai zai daidaita, ba wanda zai sani.

Asabar tun hantsi na hau kabu-kabu na tafi Magama, bakin iyaka. Lokacin zafi ne, rana kamar za ta tsaga kai. Manyan motoci sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Na tsugunna kusa da mai sayar da ruwan sanyi, ina leƙen duk babur ɗin da ya fito daga hayin can. Aka kira azahar, na yi salla ban san abin da na karanta ba. Dokar gasar kuwa na haddace ta: ƙungiyar da ba ta fito fili cikin rigunanta ba har minti goma sha biyar bayan lokaci, an cinye ta ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Yara goma sha biyar sun yi wata uku suna gudu da asuba saboda yinin nan.

Sai wajen uku da rabi wayar yayana ta yi ƙara a aljihuna. Taubashina ne. Ya iso, amma yau an hana wucewa da kaya, mutum dai ya wuce da jikinsa. Buhu ba zai ƙetara ba.

Na tsallaka da ƙafa ina huci. Na same shi bayan wata motar shanu, ya zauna a kan buhun. Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, ya riƙe ni.

Ya ce, "Bari faɗa, bawana. Sun ce mutum da jikinsa, ko? To tuɓe."

Nan muka shiga sawa. Ni takwas, shi takwas, ɗaya a kan ɗaya. Ko wanke su bai yi ba, zufar jiya tana nan, wari ya buɗe mini kai. Hannuwana suka ƙi sauka, na koma kamar buhun gero. Muka tura babur ɗin zuwa shinge.

Wani ma'aikacin iyaka mai furfura ya tsayar da mu. Ya dube mu sama da ƙasa, ya ɗaga bakin rigata ya ƙirga.

Ya ce, "Sanyi kuke ji, samari?"

Taubashina ya buɗe baki zai tsara wani abu, na riga shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, rigunan makarantarmu ne. Ƙarfe huɗu muke da wasa."

Ya duba lambobin da ke bayanmu, ya duba agogonsa. Ya ce, "To me kake jira? Huɗu saura biyar."

Ban san yadda muka iso ba. Na dai tuna mun kusa taka akuya, da wata mata da ta bi mu da Allah ya isa. Da muka shigo fili, 'yan Daddara sun jeru tsaf cikin jajayen rigunansu. Namu suna tsaye da singileti, kowa ya zuba wa ƙofa ido. Alƙalin wasa na riƙe da agogo. Huɗu da minti goma sha ɗaya.

Na diro na fara tuɓewa a tsakiyar jama'a. Fili ya kece da dariya, har da masu tafi, wani yana ƙirga mini da ƙarfi. Koci bai yi dariya ba. Ya karɓi rigunan ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa masu su, suna toshe hanci suna sawa. Da ya zo kan lamba biyar, tawa, sai ya riƙe ta.

Taubashina ya gane abin da ke shirin faruwa. Ya cire hularsa ya matso.

Ya ce, "Malam, laifina ne. Ni na ɗauke buhun a ƙarƙashin gadonsa, wasan taubasai. Shi bai sani ba sai yau da safe."

Koci bai ko kalle shi ba. Ni ya kalla. Ya ce, "Haka ne?"

In na ce e, zan buga. Kowa a Jibiya ya san halin taubasai, ba mai ganin laifina. Shugaban makaranta ma yana gefe yana ƙifta mini ido, don ya san dogon ɗan gaban Daddara ni kaɗai ke iya tare shi a sama. Ina son wasan nan kamar raina. Amma na riga na yi wa mutumin nan ƙarya jiya yana kallon idona, na kasa yin ta biyu.

Na ce, "Ni na ba shi, Malam. Tun Lahadi."

Ya miƙa rigar ga wanda ke jiran canjina. Ya miƙo mini hannu, na zare kambun kyaftin daga aljihu na ba shi, ya ɗaura wa golanmu. Shugaban makaranta ya ce, "Haba Malam, a bari a gama wasan mana!" Koci ya ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe," ya juya.

Na zauna a benci ina cizon yatsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, na kasa daurewa. Na tare Koci na ce, "Malam, ai na kawo su! Na kuma faɗi gaskiya! Don Allah ka sa ni!"

Ya ce, "Jiya na tambaye ka."

Ya wuce wurin 'yan wasa.

Saura kaɗan a tashi aka ba Daddara bugun kwana. Ƙwallon ta taso, na gan ta, na san inda za ta sauka, har na miƙe tsaye a benci ba tare da na sani ba. Dogon nan ya yi tsalle a kan lamba biyar ɗinmu ya sa mata kai. Ɗaya da nema. Haka aka tashi.

Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Suka tuɓe rigunan suka jefar a gindin benci kamar yadda aka saba, wasu suna share hawaye. Na durƙusa na fara tattarawa. Na ƙudurta a raina yau zan wanke su har sai hannuna ya saɓule, in goge, in kawo su da ƙamshi. Na kai riga ta bakwai sai na ga takalmin Koci a gabana.

Ya ce, "Ajiye. Wanki aikin kyaftin ne."

Na ajiye. Golanmu ya zo ya kwashe su daga gabana, ya rungume a ƙirji, ya fita ta ƙofar fili. Ni kuwa na bi bayansa hannu rabbana.