Yaron da Ya Sunkuyar da Kai

Wata Talata ce, farkon fitowar sabuwar doya, shekarar da na cika sha biyu. Bature mai duba makarantu ya shigo ajinmu a Sokode don ya zaɓi waɗanda za su zauna jarrabawar sartifika. Ya karanta mana labari da Faransanci: uba ya dawo gida ya tarar an fasa tulu, ya kira ɗansa, yaron ya zo ya tsaya ya sunkuyar da kai. Sai ya rubuta tambaya a allo da amsa biyu. Me ya sa yaron ya sunkuyar da kai? Don yana girmama ubansa, ko don shi ya yi ɓarnar?

Ko tsayawa tunani ban yi ba. Babana mahauci ne a zango, kuma tunda na yi wayo ban taɓa kallonsa cikin ido ba. Ko carafke muke yi a tsakar gida, ko ina kirɓa sakwara, da ya yi gyaran murya a zaure sai mu durƙusa, ido a ƙasa. Kullum Inna na cewa, "Yarinyar kirki da kunne take duban babba." Kuma babu inda labarin ya ce yaron ne ya fasa tulun. Babu! Na zaɓi ta farko.

Baturen ya duba allona, ya kira ni gaban aji, ya daka mini tsawa in dube shi. Wuyana ya ƙi ɗaguwa. Ya sa rula ya tallabo haɓata, ya juya ga malaminmu ya ce, "Ka gani? Haka marasa gaskiya suke yi." Malamin na tsaye, shi ma kansa a ƙasa. To, shi tulun wa ya fasa? Aka cire sunana, na maimaita aji, ƙawayena suka wuce suka bar ni. Har yau ina tuna sanyin rular nan.

Da shekara ta zagayo aka kawo labarin nan dai, na zaɓi ta biyu ina haɗiye baƙin ciki. Na ci, na yi kwaleji, ga ni ina koyarwa a Dapaong, na iya tsare kowane Bature da ido.

Hutun da ya wuce na je gida. Baba na tambayata labarin hanya, ina amsawa. Ashe idona na cikin nasa ban sani ba.

"Hadiza," ya ce a hankali, "yau kuma ni kike ƙare wa kallo?"

Da can ƙafafunsa kawai na sani, kuma ban taɓa jin tsoro a gabansu ba. Ran nan shi ne ya sunkuyar da kai, bai kuwa fasa tulun kowa ba.