Sai Ya Kai Aya

Kwamfutar gidanmu na Malumfashi tawa ce a baki kawai. Ni na saye ta don ƙarin karatun da nake yi daga gida, amma a babban gida irin namu, abin da ya shigo ta zaure ya zama na kowa. Maigidana yana duba hasashen ruwan sama a cikinta kafin ya tafi gona, ƙannensa mata suna kallon sabon ɗinki. Duk wanda ya zauna gabanta sai ya saka wata manhaja ya tashi ya bar ta, ni kuwa ban taɓa goge ta kowa ba, don kada a ce Malama ta fara rowa.

Jarrabawata ta ƙarshe ta baki ce. Malamai uku za su yi mini tambayoyi ta bidiyo daga jami'a, ƙarfe sha ɗaya na safe. An rubuto mana ƙarara cewa wanda bai shiga ba cikin minti goma sha biyar, an wuce shi ke nan sai baɗi. Shekara uku na yi ina wannan karatu tsakanin ajin firamare da bakin murhu, ba ni da wata shekarar da zan ƙara.

Damina ce, iska ta kayar da turken wutar unguwarmu, kwana uku muna zaune haka. Tun jajibiri na kai kwamfutar wurin mai caji a bakin kasuwa, ta cika fam, na ajiye ta a falo. Da na zo da safe, saura minti ashirin, sai na tarar da ita a kunne. Batir ya sauka ƙasa da rabi, fankarta na ta huci, jikinta zau kamar murfin tukunya. Na danna shafin jarrabawa, ɗan da'irar nan ya kama juyawa, ya ƙi tsayawa.

Na kira abokiyar aikina, malamar da ke koyar da kwamfuta a makarantarmu.

"Ba lalacewa ta yi ba," in ji ta. "Kaya kuka ɗora mata. Abubuwa ne ke ta aiki a ɓoye suna shan batir da data. Danna maɓallan nan uku tare."

Na danna. Wani dogon jeri ya fito, sunaye sun fi arba'in, kowanne da lambarsa tana hawa da sauka. Ashe duk abin da mutanen gida suka saka, da an kunna ta yake tashi da kansa. Ina karanto mata, tana cewa rufe wannan, bar wancan, na injin ne, kada ki taɓa. Na rufe wasan ƙwallo, na rufe ta ɗinki da ke sabunta kanta ba wanda ya sa ta, na rufe ta hasashen ruwa, na rufe manhajojin maganin ƙwayar cutar kwamfuta guda biyu da ke faɗa da juna. Fankar ta ɗan sassauta, amma da'irar na nan tana juyi.

"Wane ne a can sama, wanda ya fi kowa ci?"

Na duba. Manhajar karatun Alƙur'ani ce, tana jawo karatu kai tsaye daga intanet, tana kuma sauke izu sittin a lokaci guda. Na kara kunnena, sai ga muryar mai karatu can ƙasa-ƙasa. Na san mai ita. Yayan maigidana ne, babban gidan tun rasuwar mahaifinsu.

"Ki rufe mana!"

"Ta Yaya ce."

"To shi zai amsa miki tambayoyin? Sha ɗaya ta wuce fa, Malama."

Ita 'yar Funtua ce, ta san abin da nake nufi, haushi ne kawai. Shekara tara ina gidan nan, maganata da Yaya ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, idona a ƙasa. In ina da buƙata wurinsa, maigidana ke kai ta. Maigidan kuwa yana gonarmu ta Gozaki tun sassafe, na kira sau uku, babu sabis.

Na ɗora yatsa a kan wurin rufewa. Wa zai sani? Amma na kasa. Katse karatu a tsakiya daban, yi wa babba haka a bayan idonsa daban. Kuma wallahi raina a ɓace yake. Duk faɗin gidan nan da rediyo da wayoyi, a rasa inda za a saurari karatu sai a batirin da na tanada, yau ɗin nan?

Sha ɗaya da minti bakwai na zura hijabi na nufi zaure. Yana zaune yana gyaran famfon feshi. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ku yi haƙuri. Karatun da kuka kunna ne ya riƙe kwamfutar. In ban kashe ba, jarrabawar za ta wuce ni."

Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Subhanallah. Ai don ke na kunna shi, Malama, tun asuba. Na ji an ce yau ce ranar, na ce bari albarkar karatu ta shiga injin kafin ki zauna."

Fushin nan duk ya zube, kunya ta rufe ni. Ya tashi ya biyo ni, ya tsaya a ƙofar falo.

"Kashe shi. Amma bari ya kai aya."

Na ƙara sauti. Ayar doguwa ce, mai karatun kuma ba ya gaggawa, yana jan kowane harafi yana ba shi haƙƙinsa. Sha ɗaya da minti sha biyu. Idona ɗaya a kan agogo, ina neman gafarar Allah a zuci don ina jin kamar in ce masa ya yi sauri. Sha ɗaya da sha uku. Zufa ta jiƙa mini hijabi. Da mai karatun ya sauke numfashi, Yaya ya ce, "Sadaƙallahul azim," ya ɗaga mini kai. Na danna.

Fankar ta yi tsit. Da'irar ta juya sau biyu, sai ga fuskoki uku, ɗayansu yana duba agogon hannunsa. Na yi sallama, ya ce har ya ɗauki biro zai tsallake sunana.

Ina cikin amsa tambaya ta biyu na ji karatu ta bayan bango. Na tsorata, na zaci manhajar ce ta sake tashi. Ashe daga zaure ne. Yaya ne ya ɗauka daga inda aka tsaya, da ka, da muryarsa mai kaushi ta manomi. Minti arba'in suna tambayata, bai tsaya ba.

Da suka ce na ci, batir saura kaɗan ya mutu. Na fita na durƙusa a inda na durƙusa ɗazu.

"Yaya, an dace."

Ya buɗe baki zai yi hamdala, muryar ta dushe, ba ta fita. Sai ya yi mini alama da hannu in kawo masa ruwa.