Juma'ar da Na Faɗi Asalin Hadari

Juma'ar farko bayan babbar salla, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ina tsaye a ƙofar zauren gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi riƙe da kwanon fura, hannuna har ya sage, babu wanda ya ko dube ni. Baba da ƙaninsa Baffa Sani sun sa wani tsohon hoto a tsakiya, kowa yana dangwala masa yatsa. Hoton Hadari ne, ingarman marigayi kakanmu, baƙin doki wanda tsofaffin unguwa suke cewa a zamaninsa ba a taɓa shan gabansa a filin sukuwa ba. Dokin ya mutu tun Baba yana ɗan shekara shida, Baffa kuwa yana goye. Abin da ya rage nasa shi ne wannan hoto da turkensa, wani kututture a tsakar gida da muke ɗaura igiyar shanya a jiki.

Musun guda ɗaya ne kullum. Baba ya ce ɗan Barno ne, a dubi tudun hancinsa irin na rago da tsayin ƙafafunsa. Baffa ya ce ɗan Azbin ne, Buzaye suka zo da shi cikin ayarin gishiri, a dubi ƙanƙantar kansa. Alhali hoton ya koɗe, kuma ruwa ya taɓa ɓata shi daidai wajen kan. Sun taɓa kiran maƙwabcinmu Malam Bitrus, mutumin Filato mai aikin duba dabbobi, ya raba gardama. Ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce shi dai ko cewa aka yi alfadari ne ba zai musa ba. Ranar ce kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya, don dukansu sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwarsa da kyau.

Tun ban yi wayo ba Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Tarauni, bayan wata ɓatawa tsakaninsa da Baba da ba a taɓa faɗa mana dalilinta ba. Ba sa zuwa gidan juna, ba sa haɗa hanya. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ga shi, ya shiga ya gaida Kaka, mahaifiyarsu, ya fito zaure a ɗora daga inda aka tsaya. Wahalar kuwa a kaina take ƙarewa. Ni ce sharar zaure, ni ce shimfiɗa tabarma, ni ce dakan gero, ni ce jan ruwa a rijiya, ina jiyo ƙawayena a waje suna carafke da 'yar gala-gala. Na tsani dokin nan da ban taɓa gani ba, tsana ta gaske.

Ana saura kwana biyu wannan Juma'a, muna ɓarar gyaɗa da Kaka a gindin turken, na yi mata mita, na ce ita ma tsohuwa ta cika son surutu shi ya sa ba ta korarsu. Ta yi dariya, ta ce, "Wane Barno, wane Azbin? Uwarsa goɗiyar dako ce mai ɗaukar buhunan gyaɗa. A bayan gidan nan aka haife shi, lokacin duk nan gonaki ne. Ni na raine shi da dusa da kanwa." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa musu kowa ya huta. Ta daɗe tana murza gyaɗa kafin ta ce, "In suka gama musun, me zai zaunar da Sani kusa da yayansa? Ki riƙe bakinki." Na ji maganar sarai, amma ban auna nauyinta ba.

To ga ni tsaye da kwanon fura, ƙafa ta gaji, ƙuda na bina, Baffa yana sake lissafa hanyar ayari a karo na ban san nawa ba. Sai kawai na ji bakina ya buɗe, na zayyana musu duk abin da Kaka ta faɗa, har da buhunan gyaɗa. Baffa ya miƙe ya leƙa tsakar gida, ya ce, "Inna, haka ne?" Kaka ba ta iya ƙarya ba. Ta ce haka ne. Baba ya ɗauki hoton ya sa a aljihu, suka shanye furar, ni kuwa na ruga waje ina murna na kashe wutar da ta gagari manya.

Baffa ya ƙara zuwa Juma'a biyu. Suka gaisa, suka yi zancen zafi da ƙarancin ruwan famfo, zance ya ƙare, kowa ya zuba wa tabarma ido. Daga nan sai ya koma zuwa gaida Kaka da hantsin ranakun da ya san Baba yana kasuwa. Kaka ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi duka ciwo. Duk Juma'a takan sa ni in share zauren in shimfiɗa tabarma biyu, in la'asar ta yi kuma ta ce in naɗe, in kai wa Baffa furarsa Tarauni. Na taka hanyar nan da ƙafa shekara uku. Ban sake ganinsu zaune kafaɗa da kafaɗa ba sai ranar zaman makokin Kaka.

Yanzu an mai da zauren shago, an tumɓuke turken an shafe wurin da siminti, masu adaidaita sahu ne ke kwana da kekunansu a inda aka haifi Hadari. Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, hoton yana wajena. Kwanaki 'ya'yana biyu maza, waɗanda ba sa jituwa sosai, suka zaro shi daga akwati, suka tambaye ni wane irin doki ne. Na ce musu ban sani ba. Na koma kicin na dama musu fura, ina jiyo su sun fara musu.