Ledar da Na Ɗaura Na Yi Gudu Ta Kusa Kashe Mini Ƙoda

Na faɗi a bakin titi a Barnawa da rana tsaka, jikina naɗe da leda, kuma kafin a kai ni asibiti ƙodata ta kusa daina aiki. Mota ba ta buge ni ba, kowa bai yi mini asiri ba. Gudu nake yi don neman lafiya.

A lokacin ina tuƙa keke tsakanin Kakuri da Barnawa. Ban yi boko ba. Ƙuruciyata a masaƙa ta ƙare, ina ɗaukar dilar auduga a kafaɗa, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Abin da na sani a duniya ƙarfi ne: in abu ya ƙi motsi, ka ƙara danna shi. Da na koma zaman keke sai jiki ya mutu, tumbi ya fito, fushi ya yi mini yawa. Fasinja ya yi mini gardama kaɗan, in wuni ina tafasa. A gida kuma ga yayana kwance, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Ƙato ne, ni kaɗai ke iya ɗaga shi. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi safe da yamma. Wata rana na kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce in miƙo hannu ni ma. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce hanyar da yayana ya bi nake kai. Aka ba ni magani, likita ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Na dawo gida na dubi yayana, miyau na zuba ta gefen bakinsa, na ce a raina ni ba zan kwanta haka ba.

A tasharmu ta keke kowa likita ne. Akwai wani da ya taɓa yin dambe, shi ya ce mini kitse da cuta ta gumi suke fita, kuma in ina son su fita da wuri in sa leda. Na yarda, don maganar ta yi daidai da tunanina. Na samo ledar nan ta cikin buhun sukari, na huda wurin kai da hannuwa, na zura, na ɗora rigar sanyi a sama. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da fasinja ke ƙaranci kuma rana ta fi zafi. In ajiye keke, in kama titi da silifas ɗin roba, in yi ta gudu iya ƙarfina har idona ya yi duhu. Ba na shan ruwa, don a ganina wanda ya sha ruwa ya mayar da abin da ya fitar. In na cire ledar na ga gumi na tsiyaya kamar an kwance famfo, sai in ji daɗi, in ce ga cutar nan tana zuba. Maganin hawan jinin ma na ajiye shi, tunda na sami abin da ya fi shi. Da cinyoyina suka fara ciwo sai na sayi ƙwayoyin ciwon jiki a hannun mai talla, in watsa in ƙara fita. Kullum nake yi, babu hutu.

Akwai wasu mutane da nake gani a Barnawa da sassafe ranar Asabar, maza da mata, yawancinsu ma'aikata ne da 'yan fansho, suna gudu a hankali suna hira. Dariya suke ba ni. Wata Asabar na ce bari in nuna musu yadda ake yi. Na shiga cikinsu na wuce, na dawo na sake wucewa. Wata dattijuwa, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Mama, ta ji ƙarar leda a jikina ta tsayar da ni. Ta kira ni Malam mai keke, ta tambaye ni ko ni alala ne, don ita dai alala kaɗai ta san ana dafawa a leda. Duk aka yi dariya. Ta miƙo mini gorar ruwanta, na ce na gode, ba na sha. Sai ta daina wasa, ta tambaye ni wane launi fitsarina yake. Na ji kunya, na ji haushi, mace ta yi mini wannan tambaya a gaban mutane. Na ce mata, da ladabi dai, ai su Mama yawo suke yi, ba gudu ba. Ta ce to, su masu yawo sun yi shekara da shekaru suna yi, za ta ga ko ni zan ga damina. Na wuce na bar su. Gaskiyar da na ɓoye ita ce, fitsarin nawa ya riga ya koma kamar shayi ba madara, kuma kaɗan yake fita.

Ban ga daminar a tsaye ba. Ana tsakiyar zafin bazara na fita kamar kullum. Na yi nisa sai na lura gumin ya tsaya, jikina ya bushe, sanyi na kama ni cikin wannan rana. Ƙafafuna suka ɗaure. Na ce ragwanci ne, na ƙara dannawa. Daga nan ban san komai ba. Wani mai faci ne ya yanke ledar da wuƙarsa, ya kwarara mini ruwa, aka sa ni a keken wani. A asibiti likita ya yi mini bayani a hankali: ruwan jikina ya ƙare, naman cinyoyina ya farfashe saboda wahala, dattin ya taru a ƙoda, ƙwayoyin da nake sha suka ƙarasa ta. Ya ce gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba ne, ba cuta ba ce. Sai da aka yi mini wankin ƙoda kafin ta farfaɗo. Amma ba injin wankin ne ya fi karya mini zuciya ba. Maiɗakina ce ta zo duba ni, na tambaye ta yayana, ta ce ita da matarsa sun kasa juya shi, maƙwabta kuma ba kullum suke nan ba, bayansa ya fara gyambo. Ta ce kullum yana nuna ƙofa da hannunsa mai lafiya, yana tambayar ina nake. Na juya fuskata bango. Gudun kada a sami kwantacce na biyu a gidan ne ya fitar da ni titi, kuma da hannuna na kusa kawo shi.

Bayan an sallame ni na tsani gudu, ko yara na ga suna tsere sai gabana ya faɗi. Ina nan haka sai wata rana Mama ta tare kekena, ba ta ma san nawa ba ne. Ta dube ni ta ce ashe alalar ba ta ƙone ba. Na faɗa mata komai, har maganar fitsarin. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Cewa ta yi in tambayi likitana, in ya yarda in zo ranar Asabar da takalmin gudu, ko na gwanjo ne, da gorar ruwa. Likita ya yarda, da sharaɗin ba zan sake ajiye magani ba.

Makonnin farko tafiya kawai aka bar ni in yi. Daga baya aka ce in yi ɗan gudu daga wannan falwaya zuwa waccan, in koma tafiya, in sake. Mama ta sa ni a gefenta tana ja na da hira, ta ce duk lokacin da na kasa ba ta amsa saboda haki, na yi sauri, in rage. Ta hana ni fita kwana biyu a jere, ta ce a ranar hutu ne jiki ke gina abin da gudu ya nema. Nisa kuma kaɗan-kaɗan ake ƙara shi, sai jiki ya saba da na jiya. Wannan ya fi mini ɗaukar dila wuya, don ban taɓa koyon yin abu a hankali ba. Amma da watanni suka tafi sai na ga ina zagaya unguwar ban tsaya ba. Barci ya dawo mini. Abin da ban zata ba shi ne kaina. In na yi nisa, numfashi ya daidaita da sawu, sai tunanin da ke cin raina ya lafa, in dawo gida da sauƙin zuciya. Maiɗakina ta ce ta daina jin muryata daga bakin layi.

Ga duk mai ƙarfi irina da ke ganin jiki jaki ne, sai da duka: gudu magani ne, amma shi ma yana da ƙa'ida. Kada ka naɗe kanka da leda, kada ka fita da rana tsaka, kada ka hana kanka ruwa, kada ka danne ciwo da ƙwaya don ka ci gaba. In an ba ka maganin hawan jini, sha, gudu ba ya maye gurbinsa. In fitsarinka ya yi duhu, ka tsaya ka nemi asibiti, ko da wanda ya tambaye ka ya ba ka kunya.

Yau ina nan Kakuri, ina tuƙa kekena. Ina fita gudu bayan sallar asuba, rana ɗaya in fita, rana ɗaya in huta. Jinina ya sauka. Ƙodar kuwa likita ya ce ba za ta koma yadda take ba, sai dai a lallaɓa abin da ya rage, kuma ina lallaɓawa.