Tayin da Aka Yi Mini a Abhur

Tekunmu na Jidda ba mai hauka ba ne. Turawan da suka saba da ƙasashen da igiyar ruwa ke tashi ta wuce tsayin mutum, idan suka gan shi sai su taɓe baki su ce wannan ai tafki ne. Abin da Allah ya ba mu shi ne iska. Da hantsi take tasowa daga arewa, ta yi ta ƙara ƙarfi har la'asar. Saboda haka wasan da ake yi a bakin tekunmu shi ne na allo mai shira'i: dogon allo ne mutum yake tsayawa a kai, ya riƙe wani faffaɗan ƙyalle da aka ɗaure a sanda, iska ta cika shi ta ja shi a kan ruwa. Wannan ƙyallen shi muke kira shira'i.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wani bakin teku mai katanga a Abhur, can arewa da gari, tun daga ƙarshen shekarun tamanin. A unguwar Sa'alaba ta nan Jidda aka haife ni, can na yi aure, amma iƙamata, takardar izinin zamana a garin da aka binne cibiyata, ta ce ni baƙo ne kuma lebura. Aikina in share rairayi da safe, in ɗaura shira'i a kan alluna kafin baƙi su iso, da yamma in wanke komai da ruwan famfo don kada gishiri ya cinye shi.

An raba ruwan wurin gida uku da igiyoyi masu kwalaben roba. Na farko iya ƙugu ne, ƙasansa yashi mai laushi, nan masu koyo suke faɗuwa suna dariya. Na biyu ya fi zurfi, ya miƙa har zuwa duwatsun murjani da suka tare teku, nan waɗanda hannunsu ya fara faɗawa suke kai da kawowa. Akwai wata 'yar ƙofa a tsakanin duwatsun, wanda ya bi ta ya fita babban teku inda ruwa ya yi shuɗi har ya kusa baƙi, nan kuma sai gwanaye. A bakin ƙofar shiga an kafa allon sanarwa da Turanci, wai wurin na kowa ne, ɗan koyo da gwani. Na sha share ƙasan wannan allon. Mu ma'aikata dokarmu ita ce kada ruwa ya wuce mana gwiwa sai in aiki ne ya kai mu.

Aikin kuwa yana kai ni, kuma ta nan na saci abin da na iya. Ɗan koyo ya san tafiya, bai san dawowa ba. Iska sai ta yi ta tura shi kudu har ya wuce katangar maƙwabta, ya zauna a kan allon yana ɗaga hannu. Sai mu tafi ɗauko shi a kwalekwale mai inji, ni da wani tsoho Bayamane, ɗan ƙasar Yaman, da ke tuƙa shi. Injin ƙarami ne, idan aka ɗaura masa allo da jiƙaƙƙen shira'i sai ya yi ta tari kamar mai asma. Wata rana tsohon ya gaji, ya ɗauki baƙon, ya ce mini ni in san yadda zan yi da allon, yalla, wato maza, ya ja kwalekwalensa ya bar ni.

Na hau na faɗi, na hau na faɗi. Na sha ruwan gishiri har cikina ya ɗuru, ƙayar teku ta karye mini a tafin ƙafa, matata ta yi kwana uku tana cire ta da allura tana yi mini tsiya wai na auri kifi. Amma a cikin shekara biyu na iya abin da wasu baƙin suke biyan kuɗi shekara biyar ba su iya ba. Na san yadda ake yanka iska a karkace a koma arewa. Na san launin ruwan da ke ɓoye dutse. Na san idan sararin kudu ya yi ja-ja da safe, azyab ce ke tafe, wato iskar kudu mai zafi, kuma ranar ba ranar fita ba ce. Zan faɗa ba kunya, ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan 'yar tafiyar ta minti ashirin ba. A kan allon babu mai tambayata takarda.

Sai dai duk lokacin da na kusa katangarmu, nakan saki shira'in ya faɗi, in dira cikin ruwa, in jawo allon da hannu ina sunkuyar da kai kamar leburan kirki. Wannan tarbiyyar mahaifina ce. Shi da ƙafa ya zo aikin hajji ta Sudan yana saurayi, ya zauna, ya ƙare rayuwarsa yana fere ɓawon kifi a kasuwar kifi kusa da unguwar Bagdadiyya. Karatunsa a kanmu guda biyu ne. Na farko, a garin nan kada ka bari a san ka iya. Na biyu, ɗan mutunci ba ya karɓar tayin farko. A gidanmu in an miƙo maka abinci sai ka ce alhamdulillahi ka ƙoshi, ko da hanjinka na kuka. A tayi na biyu ka ce a bari dai. Sai a na uku kake wanke hannu. Mutanen Hijaz ma haka suke, har rantsuwa suke ɗora maka kafin ka zauna, don haka ban taɓa sanin akwai masu yin tayi sau ɗaya ba.

Mudir ɗinmu, wato shugaban wurin, wani dogon Bature ne mai jan wuya, ba ya dariya sosai, ba ya kuma zagi. Wata la'asar ya hau rufin ofis duba tankin ruwa, daga can ya hango ni a bayan katangar maƙwabta ina tafe da allon wani baƙo. Ranar kuwa iska ta yi daɗi, shaiɗan ya zuga ni na bi ta 'yar ƙofar nan na fita babban teku na zagayo. Ban san ana kallona ba.

Washegari ya aiko a kira ni. Na shiga ofis ina tunanin kora ce, har na fara tsara abin da zan gaya wa matata. Sai ya nuna mini kujera, abin da bai taɓa yi ba. Da gurguwar Larabcinsa ya bayyana mini cewa mai koyar da baƙi zai koma ƙasarsu ƙarshen wata. Ya ce ya ga abin da na yi jiya. Ya ce ya yi magana da kafili, mai wurin da sunansa ke kan takarduna, kuma ya yarda a canza sana'ar da ke kan iƙamata daga lebura zuwa mai koyarwa. Zan riƙa wuni a cikin ruwa, a gaban kowa, da rigar wurin a jikina. Ya ɗora hannu a kan wata takarda da ke gabansa ya dube ni.

"Tibga? Kana so?"

A raina babu abin da nake so kamar wannan. Bakina kuwa ya yi abin da aka koya masa tun ina yaye.

"A'a, ya mudir. Ni wa? Ai akwai waɗanda suka fi ni."

Na sunkuyar da kai ina jiran tayi na biyu. Har na shirya amsarsa, zan ce to sai dai in shi ya ga ya dace. Ya dube ni, sannan ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, wato shi ke nan, ya buɗe aljihun tebur ya saka takardar. Na ci gaba da zama har ya ɗago kai ya tambaye ni ko akwai wani abu. Na ce babu, na fita.

Da na koma Sa'alaba na ba da labari, matata ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce gobe da sassafe in koma in ce masa ina so, in ce jiya kaina ne ke ciwo. Ta ce kunyar me zan ji a gaban mutumin da ko gaisuwa ba ya ja. Mahaifina yana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ya bari ta gama, sannan ya ce ban yi kuskure ba. Ya ce in mutumin da gaske yake zai sake kira, wanda ya koma da ƙafarsa yana roƙon abin da ya ƙi jiya ya zubar da girmansa a ƙasa. Ya kuma ce in tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Baƙar fata ya tsaya a cikin ruwa yana riƙe hannun matan Turawa yana koya musu tsayuwa, ƙara guda ɗaya ta isa a saka shi a jirgi a kai shi ƙasar iyayensa da bai taɓa gani ba.

Na bi maganar mahaifina. Ina so in ce biyayya ce, amma ƙarya zan yi. Maganarsa ta yi daidai da girman kaina, ita kuwa ta matata tana bukatar in ƙwanƙwasa ƙofa in ce na yi wauta. Mako biyu na yi ina share gaban ofishin nan kowace safiya, in share in sake sharewa, har rairayin wurin ya fi na ko'ina kyau. Mudir yakan wuce ya ce mini sabahul khair, wato barka da safiya, in amsa, ya shige. Ni ina cewa a raina yau zai kira.

Bayan wata ɗaya aka kawo sabon mai koyarwa daga waje, saurayi mai dogon gashi. Ba zan ci amanarsa ba, ya iya allo, yana juyi a kan ruwa da ban taɓa gani ba. Amma bai san tekunmu ba. A makonsa na farko ya farke ƙasan allo biyu a kan murjani. Daga nan kullum da safe sai ya zo inda nake ɗaura shira'i, ya dafa kafaɗata ya kira ni abokinsa, ya tambaye ni yau ina iska za ta juya, ƙarfe nawa za ta yi ƙarfi, ruwa ya janye ko ya cika a 'yar ƙofar. In gaya masa. Bayan awa ɗaya in ji maganata tana fitowa daga bakinsa da Turanci, masu koyo sun kewaye shi suna gyaɗa kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya yi shekara biyu ya tafi, aka kawo wani, shi ma na koya masa, aka kawo na uku.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Tunda mudir ya ga yadda ake dawo da alluna, sai ya ce hatsari ne lebura ya riƙa hawa kayan baƙi ba da izini ba, in wani abu ya faru wurin ne zai shiga uku. Ya sayo wa kwalekwalen babban inji mai iya jan allo uku a lokaci guda. Tsohon Bayamanen ya yi murna. Ni kuwa daga ranar na koma zama a gefen kwalekwale ina riƙe da igiya, ina kallon allo yana bin mu a baya babu kowa a kai. Ban sake tsayawa a kan allo ba har na bar aikin.

Mahaifina ya rasu a cikin waɗannan shekarun, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana ganin ya tsare ni daga sharri, kuma wataƙila ya tsare ni ɗin, ban sani ba. Na yi masa addu'a, ina kuma yi, amma akwai wani ɗaci da ban iya wankewa ba, kuma rabinsa a kaina yake. Matata ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo.

Shekara shida bayan wannan tayin mudir ya gama kwangilarsa. Ranar tafiyarsa ni na ɗauko masa akwatuna daga ofis zuwa mota. Da na rufe bayan motar sai ya tsaya, ya cire tabarau, Larabcinsa ya ɗan gyaru a lokacin. Ya ce akwai abin da ya daɗe yana son ya tambaye ni. Ya ce duk masu koyarwar da ya kawo babu wanda ya kai ni sanin ruwan nan, kuma ya sani sarai ni nake ba su labarin iska.

"Me ya sa ka ƙi? Mako biyu takardar nan tana cikin teburina. Kullum ina ganinka a bakin ƙofa, ina cewa yau zai shigo ya ce ya sake shawara. Ban so in matsa maka ba."

Na tsaya ina kallonsa. Amsar tana nan a bakina, gajeriya ce, ina so in ce masa da ya tambaye ni sau biyu kawai. Ina so in ce masa ban taɓa son wani abu kamar wannan ba. Direba ya riga ya tayar da mota, mudir yana jira da tabarau a hannu.

Na yi murmushi na ce masa ba komai, ya mudir, haka Allah ya so. Na buɗe masa ƙofa ya shiga.