Mugun da Ya Mutu da Sara Ɗaya

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba sikeli. Da safe zai ɗauki akwatinsa na katako mai duwatsun awo a ciki, ya bi shaguna da rumfunan mahauta, ya ɗora dutsen kilo ɗaya a faranti, ya tsaya yana kallon allura. Idan mai shago ya rantse masa cewa jiya-jiyan nan aka gyara sikelin, sai ya ce, "To, sai na gani." Daga nan sunan ya bi shi. Har matarsa, wadda ba ta kama sunansa, idan ya ishe ta takan ce wa yara, "Ku je ku tambayi Sai-na-gani."

Ba mugun mutum ba ne, aiki ne ya mayar da shi haka. Ya taɓa ciro maganaɗisu a ƙarƙashin faranti. Ya taɓa kama wani dattijo mai farin gemu da ya ɗaura wa sikeli zare yana ja da babban yatsan ƙafa, yana kuma yi wa mai saye addu'a. Da ya yi ritaya ya mayar da akwatin ofis, amma halin ya biyo shi gida. Magani ba ya shiga bakinsa sai ya karanta takardar cikin kwali har ƙarshe. Idan baƙo ya yaba labulen falo, bayan ya tafi sai ya tambayi matarsa abin da take jin ya kawo mutumin.

Shekara biyu da ritaya gwiwarsa ta dama ta ƙi. Aka yi masa tiyata, likita ya ce wata uku ban da hawa matakala, ga shi gidansu a bene na biyu yake. Ko ranar zuwa asibiti, a kujera ake ɗaukarsa a sauko da shi a mayar. Sati ɗaya kawai ya yi a kujera ya hana kowa sakat. Ya gano famfon kicin na ɗiga, ya gano agogon bango ya yi gaba da minti uku, ya fara zargin mai kawo burodi da rage girma.

Autarsa nas ce, ita ke zuwa duba ciwon. Ran nan ta zo tare da mijinta, wani malamin makaranta marar yawan magana, yana rungume da kwali. Shekara shida da aurensu, amma maganar suruki da suruki ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, kuma shirun nan na yaron bai taɓa kwanta wa Sai-na-gani ba.

"Baba, na'urar gem ce, ta wasa a talabijin," in ji Auta. "Tasa ce, ya ce a kawo maka ka rage zaman banza."

"Shi ya ce, ko ke kika ce ya ce?"

"Shi ya ce."

Surukin ya durƙusa bayan talabijin yana haɗa wayoyi. Ya sa faifai, ya miƙa abin riƙewa da hannu biyu, ya nuna maɓallin tafiya da na sara, kansa a ƙasa. Sai-na-gani ya juya abin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce ya yi kama da linzami. Linzami ya ci gaba da kiransa.

Kwana uku bai taɓa ba. A na huɗu, da matarsa ta fita kasuwa, ya kunna don kawai ya ga abin da ke cinye wa mutane lokaci.

Labarin wani mai kwale-kwale ne da ya wayi gari kogin garinsu ya ƙafe. Wani da ake kira Mai Hasumiya ne ya tare ruwan a kan dutse, ya gina ƙofofi bakwai, kowace da mai gadinta. Ba a ganin fuskarsa, sai muryarsa daga lasifikar da ke kan kowace ƙofa, murya mai sanyi, kamar ta mai ba da shawara. Yakan ce shi ruwan yake adana wa mutane don kada su yi almubazzaranci.

Jin haka Sai-na-gani ya gyara zama. "Na san irinka," ya ce wa talabijin.

Daga ranar ya samu abin yi. Bayan karin kumallo zai miƙe ƙafa a kan matashi ya kama linzami har azahar. Yatsunsa sun yi tauri, ya sha faɗawa rami, ya sha saran bango. Ya samo littafi yana rubuta duk abin da Mai Hasumiya ya faɗa, yana ja wa inda maganar ta saɓa layi. A ƙofa ta uku ya samu wasu kibau guda biyar masu wuta, ya ƙi harba ko ɗaya, ya ce mai gidan, wato Mai Hasumiya, ya tanadar wa su.

Mai gadin ƙofa ta biyar ce ta kusa sa shi hauka, wata doguwar mata mai sarƙoƙi biyu. Kwana tara tana kashe shi. Matarsa na kicin tana jin yana huci kamar mai ɗaukar buhu. A cikin kwanakin ne Auta ta zo ta ɗaura masa abin awon jini, ta dubi lambar, ta dubi uwarta. Washegari da ya dawo daga asibiti wajen gashin ƙafa, ya zauna, ya kayar da mai sarƙoƙi a karon farko.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa. "Haƙuri ne da lura. Hannun hagu take fara ɗagawa."

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce, ta koma kicin da sauri.

Ranar wata Talata da hantsi ya isa saman hasumiyar. Sai da ya sha ruwa, ya goge tabarau, ya sa matarsa ta kashe rediyo. Ƙofa ta buɗe. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne zaune a kujera, ba sulke, ba takobi. Ya yi jawabin da bai kai minti ɗaya ba, ya miƙe. Sai-na-gani ya kai masa sara ɗaya don ya gwada ƙarfinsa kafin ya ciro kibau. Mutumin ya faɗi. Aka nuna ruwa na gangarowa, kiɗa ya tashi, sunayen waɗanda suka yi wasan suka fara hawa sama.

Ya jira har sunayen suka ƙare, ya tabbata na ƙasan zai tashi ya zama wani abu. Talabijin ya koma shafin farko.

"Zo nan," ya kira matarsa. "Kin taɓa na'urar nan?"

"Na goge ƙura, kamar kullum."

"Da jiƙaƙƙen tsumma?"

"Malam, shekara arba'in ina goge kayan gidan nan, yau ne zan kashe maka mutum da tsumma?"

Ya sake shiga, ya sake hawa, ya tsaya a gaban mutumin bai sare shi ba, ya ba shi lokaci ko zai nuna halinsa. Mutumin ya tsaya yana kallonsa. Ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango ko akwai ɓoyayyiyar ƙofa. Babu. Ya harba kibiya ɗaya, mutumin ya faɗi yadda ya faɗi ɗazu.

Ya cire faifan ya ɗaga shi wajen taga. A bayan kwalin akwai hatimin shagon da aka saya, a titin da ke bayan asibiti. Washegari ya ɗauki sanda ya sauko matakala ashirin da huɗu, matarsa na biye da shi tana faɗa, sati biyu kafin lokacin da likita ya yanka.

Mai shagon wata mata ce mai tabarau a goshi, tana kwance wata na'ura da ɗan sukundireba. Ya ajiye faifan a kan teburin shagon.

"'Yar nan, wannan jabu ne. An yanke ƙarshensa."

Ta duba hatimin, ta duba bayan faifan. "Na gaske ne, Baba. Kai ne ka buga har ƙarshe?"

"Ni ne. Da sara ɗaya ya mutu."

"Ai haka yake. Kowa ya yi ƙorafi." Ta ɗauko wayarta ta nuna masa bidiyon wani yana buga wurin. Ɗakin ne, kujerar ce, faɗuwar ce.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Wani ne can, ban san shi ba."

"Ba ki san shi ba, amma kin yarda da shi."

Ta yi dariya, ta jawo masa kujera. Ta tambaye shi yadda ya yi da mai sarƙoƙi, don ita kanta sai da ta mayar da wasan kan mai sauƙi kafin ta wuce. Ya ce bai gane ba. Ta sa faifan a na'urar shago ta nuna masa wani shafi da bai taɓa shiga ba: mai sauƙi, matsakaici, mai wuya.

Suka koma gida shi da matarsa. Ya hau matakalar yana cije leɓe, ya kunna, ya nemo shafin. Alamar na kan mai sauƙi. Ya juyo ya dubi matarsa, ta ce ita tukunya ta bari a wuta, alhali tun safe ba a kunna murhu ba.

Da yamma Auta ta zo ita kaɗai. Ba ta yi musu ba.

"Ni na sa maigidana, Baba. Jininka ya hau sosai a satin nan. Ranar da kuka tafi gashin ƙafa ya zo ya canza. Sai da ya ƙi, ya ce za ka gane."

"Ya ce zan gane?"

"Ya ce ba mutumin da za a yi wa haka ba ne kai. Ni na matsa."

Sai-na-gani ya daɗe yana kallon linzamin. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya tuna yadda ya zauna yana yi wa matarsa bayanin hannun hagu, ita kuma ta sani. Amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani daɗi. Ashe bai yi zargi a banza ba. Sun rage wa Mai Hasumiya ƙarfi ne, na gasken yana nan yana jiransa.

Ya goge komai ya fara daga farko a kan mai wuya. Ya yarda da sharaɗin Auta na awa biyu a rana da awon jini kowace safiya, shi kuma ya kafa nasa: idan zai fita, linzami na cikin aljihun rigarsa. Kowace safiya sai ya duba shafin nan kafin ya fara. Wata biyu da kwana goma ya ɗauka. Mai sarƙoƙi kaɗai ta ci sati uku, kuma a wannan karon da ya kayar da ita bai kira kowa ba. Gwiwa ta warke, ya ajiye sanda, abokansa na bencin hira suna aiko tambayar ko lafiya.

Ya isa saman hasumiyar da kibansa biyar. Ƙofa ta buɗe, mutumin ya yi jawabinsa, ya miƙe. Sai-na-gani ya kai sara. Mutumin ya faɗi.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da farantin da take gogewa. "Yaya?"

"Haka yake," ya ce. Ya ajiye linzamin a kan cinyarsa. "A nan kam ba ku ba ne."

Ya wuni ba walwala, abincin rana ma kaɗan ya taɓa. Can da la'asar ya ce a kira masa mijin Auta. Yaron ya zo a tsorace, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

"Kai ma ka gama shi?"

"Na gama, Baba. Bara."

"Ka san haka ƙarshen yake, ka kawo min."

"Na sani. Ban zaci za ka kai can ba." Ya ɗago. "Ni ranar da na gama, kwana biyu ban yi wa kowa magana ba. Ita ta zaci a makaranta aka ɓata min rai."

Sai-na-gani ya miƙa masa littafin. Yaron ya buɗe, ya ga layukan, ya matso. Ya ce a ganinsa da gangan aka yi, don a nuna cewa mugun ba komai ba ne in ba masu gadinsa. Sai-na-gani ya ce wannan magana ce ta masu kare aikin da ba a gama ba. Ya nuna masa inda muryar ta ce, a ƙofa ta shida, "Ni da ke sama da wanda ke ƙasa." Wa ke ƙasa? Me ya sa a ɗakin akwai kujera ta biyu da ba kowa a kai? Ko dai masu wasan sun gaji sun tattara, ko kuma wanda aka sare ɗin yaron gida ne aka ajiye, mai gidan ya sulale. Surukin ya ce shi bai ma lura da kujera ta biyu ba. Suka kunna suka duba, tana nan.

Auta ta zo ɗaukar mijinta ta tarar da shi a kan kujera kusa da babanta, suna musu, shayinsu ya huce. Ta koma kicin wajen uwarta.

A satin suka rubuta wa kamfanin wasiƙa, Sai-na-gani na faɗa, surukin na bugawa a kwamfuta, tambayoyi goma sha ɗaya. Amsa ta zo cikin minti biyu, ana gode musu da ƙaunar wasan. Sai-na-gani ya ce ba wanda ke karanta shafi uku cikin minti biyu, suka sake aikawa.

Yanzu duk Asabar surukin na zuwa, wani lokaci ma ba tare da Auta ba. Sun fara wani wasan, na tseren motoci, wanda ba shi da mugu ko ɗaya. Sai-na-gani ya fi yaron iya kwana, amma ya ce motar da ke zuwa ta ɗaya kullum ba da mai take tafiya ba, kuma yana nan yana lura da ita.